Daga Doma zuwa Kolmani: yadda shawarar shugaba ke bin jama'a har jikoki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwari a cikin garin Gombe, bayan an ɗauke ruwan tsakiyar Agusta, ya ga abin da ba ya mantuwa. Katanga ta dare gida biyu, rabin ɗaki ya tafi, rabi yana reto, harsashin gini a fili kamar haƙorin da dasashi ya janye ya bari. Maigidan yana tsaye yana jera buhunan yashi, shi ma a ransa ya san ba za su kai baɗi ba. In ka jajanta masa zai ce, "To ya za a yi, ruwa ne." Gaskiyarsa, ruwa ne. Sai dai ruwa bai san komai ba sai gangare, kuma mutane ne suka zaɓi inda gari zai zauna a kan gangaren, da inda za a gina, da inda za a bari. Wasu daga cikin masu zaɓin sun rasu tun kafin a haifi maigidan.

Gombe ba a nan take ba tun asali. Hedikwatar masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa tana Gombe Abba ne, kusa da kogin Gongola. Turawan mulkin mallaka suka mai da ita Nafada a 1913, sannan a 1919 suka dawo da ita Doma, inda muke kira Gombe a yau. Wurin kuwa kamar kwano yake: tudu ta yamma, ƙasa mai yashi, gangare yana zubawa gabas. Lokacin da garin yake ɗan tsito wannan bai dami kowa ba. Auduga ta kankama, aka kafa injin gurza a shekarun 1950, jirgin ƙasa ya iso a 1963, fatake da ma'aikata suka yi ta sauka. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya cire Gombe daga Bauchi, garin ya wayi gari yana babban birnin jiha.

Daga nan labarin kwari ya ɗauki sabon salo. Ma'aikata suka dawo daga Bauchi da iyalansu, kowa na neman fili. Aka yanka filaye a kan tudu, aka sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, aka rufa kwano, aka shimfiɗa kwalta, aka zuba siminti a tsakar gida. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa sannu a hankali ya rasa wurin nutsewa, sai ya taru ya sauko da gudu kan unguwannin da ke ƙasa. Rikicin Boko Haram kuma ya turo dubban bayin Allah daga Borno da Yobe da Adamawa. Gombe ta buɗe musu ƙofa, ta kuma kyauta, amma garin ya ƙara faɗi, magudanan ruwansa ba su ƙaru da shi ba. Babu shugaban da ya taɓa zama ya ce a haƙa kwari a tsakiyar gari. Sa hannu ne ƙanana, dubbai, a kan takardun fili, da kuma shirun da aka yi duk lokacin da wani ya gina a kan hanyar ruwa don yana da uwa a gindin murhu. An kashe biliyoyin naira, da rancen Bankin Duniya, wajen ɗaure kwarin da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe da Malam Inna, da wanda ya bi ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Aikin ya zama tilas, ina kuma murna da shi. Amma da an ware hanyar ruwan tun ranar yankan filaye, igiyar awo da turaku ne za su yi yawancin aikin.

Abin da nake nufi ke nan in na ce tsarin dogon zango. Da yawa in sun ji kalmar, abin da ke faɗo musu shi ne ƙaton kundi da aka ƙaddamar a gaban manyan baƙi. Kundi yana da amfaninsa, zan zo kansa. Tushen abin dai shi ne shugaba ya gane cewa shawarwarin da ke kan teburinsa iri biyu ne. Akwai wadda in an yi kuskure ana iya gyarawa baɗi: an naɗa kwamishinan da bai iya aiki ba, a sauya shi, an tsawwala haraji, a sassauta. Akwai kuma wadda in ta wuce ta wuce: filin da aka bari aka gina, dajin da aka sare, bashin shekara 20 ko 30 da aka sa wa hannu, da shekarun ƙuruciyar yaron da ya tashi bai iya karatu ba. Ta farko tana son hanzari, ta biyu tana son dogon nazari da jin bakin masana da na waɗanda abin zai shafa. A wajenmu mun juya lamarin. Rabon muƙamai yana cin watanni ana tuntuɓar dattawa, ana daidaita shiyya da shiyya, amma gefen dajin gwamnati sai ya tafi da wasiƙa ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna shekara 4, in jama'a sun sake zaɓarsa 8. A huɗun farko ma, shekara guda tana tafiya a shari'ar zaɓe da kafa gwamnati, ta ƙarshe kuma a neman komawa. To dubi tsawon lokacin da abubuwan da ke gina al'umma suke ɗauka. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare bana sai bayan shekara 12 zai gama sakandare. In likita zai zama, ƙara 6 a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da ta bautar ƙasa. In ƙwararre ake so, ƙara wasu 5 ko 6. Wato likitar matan da za a nema a asibitin Bajoga ko Kaltungo wajen 2050, yanzu haka tana zaune a wani aji, watakila a ƙasa, watakila malaminta bai zo ba yau. Gwamnan da ya gyara wannan ajin ba zai gan ta da farar riga yana kan kujera ba. Fitilar titi kuwa a wata uku an gama, kuma duk wanda ya wuce da dare ya gani. Shi ya sa hangen nesa ke buƙatar shugaba mai ƙarfin zuciya: zai kashe kuɗi a kan abin da wani ne zai sha yabonsa.

Babu inda darasin ya fito fili kamar Daɗin Kowa. Gwamnatin tarayya ta datse kogin Gongola a nan, ƙasa da kilomita 40 gabas da Gombe, a shekarun 1980, da manufa uku: noman rani, ruwan sha da wutar lantarki. Tunanin mai kyau ne ƙwarai. Aka gama bango, ruwa ya taru, ya rufe gonakin mutanen da aka tasa. Daga nan sai aka tsaya. Babban aikin kawo ruwan famfo daga dam ɗin zuwa garin Gombe bai tabbata ba sai zamanin Gwamna Danjuma Goje. Injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40 ba su fara ba da wuta ba sai da aka haura shekara 30. Noman rani kuwa, wanda shi ne zai fi ɗaukar matasa aiki, ɗan ƙaramin kaso ne na filin da aka tsara ya samu hanyoyin ruwa. Yaron da aka haifa a Hinna shekarar da aka gama dam ya girma, ya tafi cirani Legas ko Fatakwal, ya dawo ya yi aure ya hayayyafa, ruwan yana nan kwance yana kallonsa.

Aiki irin wannan sarƙa ne. Dam ba ya ciyar da kowa sai ruwa ya bi babbar hanya, ya shiga ƙanana, ya isa bakin gona. Manomi ya samu iri da taki a kan kari. A samu hanyar fito da amfani, da injin casa, da mai saye. Zobe ɗaya ya ɓalle, sauran sun zama tarin ƙarfe a ƙasa. Aikin da aka ci kashi 90 cikin 100 nasa amma ruwa bai shiga gona ba, a tukunyar manomi daidai yake da wanda ba a fara ba. Don haka kafin shugaba ya tambayi nawa za a kashe a fara, ya kamata ya tambayi nawa za a kashe a kai ƙarshe, kuma wa zai biya ragowar bayan ya sauka. In amsar ba ta samu ba, gara ƙaramar madatsar da aka gama har bakin gona da babbar da za ta zama tafki. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na ga ƙaramin misalin wannan a ƙauyenmu, kuma ya taɓa ni har gida. An gina mana ɗakin shan magani, aka yi fenti, aka zo da makaɗa ranar buɗewa, muka yi murna har zuci. Ba a turo ungozoma ba domin ba a sa albashinta a kasafi ba, ba a kuma gina mata wurin kwana ba. Firjin allurar rigakafi ya lalace a shekarar farko, babu kuɗin gyara. Wata rana cikin damina naƙuda ta kama ƙanwata da tsakar dare, abin ya zo da gardama. Muka wuce ta gaban wannan ginin a garƙame, muka yi tafiyar da har yau ba na son tunawa kafin mu kai asibitin gari. Allah ya tashi kafaɗarta. Tun daga ranar, in na ga ana buɗe sabon gini, abin da nake tambaya shi ne wa zai zauna a ciki, wa zai biya shi. Kowane gini da aka buɗe nauyi ne aka ɗora wa kasafin kowace shekara mai zuwa: albashi, magani, man janareta, gyaran rufi. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, zai kuma sake hawa. Wanda bai lissafa wannan ba tun ranar aza harsashi, kango ya gina, fentin ne kawai bai kankare ba tukuna.

Ba ƙarancin kundi ke damun Najeriya ba. Tsarin raya ƙasa na farko ya fara a 1962, na biyu a 1970, na uku a 1975, na huɗu a 1981. Aka zo da hangen 2010 zamanin Abacha, sai hangen 2020 zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, mai burin Najeriya ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki. Yanzu ana maganar 2050. A ganina abu biyu suka fi kayar da su: rashin sanin yawan mutanen da ake tsara wa, da jingina da farashin mai.

Ɗauki na farko. A Satumbar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta soma ilimin firamare kyauta ga kowa. An shirya karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka koma gindin bishiya, aka horar da malamai cikin gaggawa. Ba na zargin manufar ko kaɗan, domin 'yan boko da yawa na Bauchi da Gombe ta wannan ƙofar suka shigo. Amma gibin malamai da aka buɗe a lokacin ya daɗe yana bin mu. Ƙidayar 2006 ta ba Gombe mutum kimanin miliyan 2.36, Bauchi kuma miliyan 4.65. Al'ummar da ke ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin shekara 23 ko 24. Ma'anarsa mai nauyi ce: jihar da ta ninka azuzuwanta da gadajen asibitinta da bututun ruwanta tsakanin 2006 da 2030 ba ta ci gaba ba, ta dai riƙe inda take ne. Wadda ta ƙara rabi kuwa ta koma baya, ko da allunan ayyukanta sun cika titi. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, saboda haka jiha mai son kanta sai ta ƙirga nata: rajistar haihuwa, ƙidayar ɗalibai da malamai kowace shekara, da sanin da masu unguwanni da dagatai ke da shi na gidajensu, wanda ba a cika tambayarsu ba.

Sai kuɗi. Mafi yawan abin da Gombe da Bauchi ke kashewa daga asusun tarayya yake zuwa, kason wata-wata da ke hawa da sauka tare da ɗanyen mai. A tsakiyar 2014 ganga tana sama da dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da tarayya ta ba su rancen ceto. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kason jihohi ya ƙaru sosai a naira, kuma nan ne nake jin tsoro, domin yawancin shawarwarin da ke zame wa jiha ƙarfen ƙafa a lokacin yalwa ake yanke su. Ga kuma bashin waje. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk jihar da ake bin ta dala, bashinta ya ninka uku a naira ba tare da ta karɓi ƙarin kwabo ba. Ban ce kada a ci bashi ba. Wanda aka ɗaure kwari da shi, ko aka kai ruwa gona, jikokin da za su biya su ma za su ci moriyarsa. Wanda aka ci don ado kuwa, zalunci ne a kan mutanen da ba a haifa ba balle su ce uffan.

Na san akwai mai cewa gobe ta Allah ce. Haka ne, babu musu. Amma da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fassara mafarkin sarkin Masar, bai ce a zauna a jira ba. Ya ce a yi noma shekara bakwai a jere, a bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, saboda bakwai masu tsanani da ke tafe. Har yadda za a adana sai da ya faɗa, kuma duk manomin Dukku ya san hikimar: geron da ke dami ya fi daɗewa a rumbu fiye da wanda aka sussuka. Sannan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, don shi mai tsarewa ne, masani. Ga lissafin shekaru, ga dabarar ajiya, ga amintaccen da zai riƙe mabuɗi. Manominmu ma, komai tsananin bazara, ba ya sa hannu a iri. Abin da muke roƙon gwamnati ke nan ba ƙari.

Wata shawarar kuma ba ta tsayawa a iyakar jiha. Dam ɗin Kafin Zaki a ƙasar Ningi, kan kogin da ke gangarawa Jama'are, an soma shi zamanin Shehu Shagari, aka tsaya, aka sake tasowa, aka sake tsayawa. Mutanen Bauchi noman rani da aikin yi suke hange. Mutanen Yobe da Borno da gabashin Jigawa fadamarsu ta Haɗeja da Nguru suke kallo, kuma tsoronsu ba na banza ba ne: madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamar, shinkafa da kifi da kiwo suka ja baya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a kwashe shekara 40 ana ja-in-ja a ɗauka ba a yanke komai ba. Jinkirin ma shawara ce, kuma mai tsada: ba a gina ba, ba a kuma sallami mutanen Ningi da Katagum su mai da hankali ga ƙananan madatsai da rijiyoyin fadama ba.

Kada a ɗauka duk abin da muka gada ɓarna ne. A 1956 gwamnatin Arewa ta keɓe dajin Yankari, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Da an jira zuwa yau, babu gwamnan da zai iya ware fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,000, kuma da giwayen da suka rage a can sun zama labari. Dokar wuraren kiwo ta 1965 ma irin wannan hangen ce, ga Wawa-Zange nan a Gombe. Inda aka yi sake burtali da mashaya suka koma gona, yau da rayuka ake biya.

Masana'antu biyu na shekarun 1970 su ma suna da abin koyarwa. Simintin Ashaka ya fara fita a 1979, yana nan yana aiki. Kamfanin Steyr na haɗa taraktoci da manyan motoci a Bauchi, wanda aka kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin Ostiriya, ya durƙushe. Dutsen da Ashaka ke ƙonawa a ƙarƙashin ƙafarsa yake, mai sayensa kuma duk wanda zai yi gini. Steyr kuwa sassan da yake haɗawa daga waje ake shigo da su da kuɗin waje, kuma gwamnati ce babbar mai saye. Da mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, naira ta karye bayan 1986, ƙafafunsa biyu suka karye tare. Ina fata masu tsara yankin masana'antu na Daɗin Kowa suna riƙe da wannan: abin da zai daɗe shi ne wanda ya tsaya a kan shinkafa da masara da wake da riɗi da auduga da nama, abubuwan da ƙasarmu ke bayarwa ko dala ta hau ko ta sauka.

Yanzu kundi. A 2021 gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta fitar da tsarin shekara 10 na raya Gombe, daga 2021 zuwa 2030, wanda ake kira DEVAGOM. Abu ɗaya na yaba tun kafin komai: wa'adinsa ya zarce na gwamnatin da ta rubuta shi. A nan kuma jarrabawarsa take, domin mulkin gwamnan yana ƙarewa a 2027, kundin yana da sauran shekara 3. Mai son sanin ko tsari irin wannan yana raye, a kowace jiha, ba sai ya halarci taro ba. Ya ɗauki kasafin shekara ya aza kusa da kundin ya ga ko suna magana ɗaya. Ya bar abin da aka ware ya dubi abin da aka saki, domin tsakanin biyun ne makaranta da asibiti ke shan kashi. In an ce an dasa bishiya miliyan, ya tambayi nawa suka tsallake rani uku. Ya kuma duba abin da kundin ya ce ba za a yi ba yanzu, don tsarin da ya ce komai ne kan gaba bai zaɓi komai ba, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Mafi muhimmanci a wurina su ne ma'aikatan tsare-tsare da na kasafi da na filaye, waɗanda ke nan gwamna ya zo ya tafi. In an horar da su, an ba su bayanai, an kuma bar su su ce "ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba" ba tare da an tura su wani lungu ba, tsarin zai rayu. In ba haka ba, duk sabon gwamna daga farko zai soma.

Mu talakawa ma da namu kason. Mu ne ke tambayar sabon gwamna "ina naka aikin?" in ya tsaya kammala na wanda ya gada, sai ya bar wancan a rabi ya aza sabon harsashi. Kuma shugabanci bai tsaya a gidan gwamnati ba. Hakimin da ya hana a sayar da filin makaranta, da shugaban kasuwar da ya dage a bar hanyar motar kashe gobara, da maigidan da ya bar 'yarsa ta gama karatun ungozoma, duk suna yanke shawarar da ba ta komawa baya.

Babbar shawarar da ke gaban jihohin biyu yanzu tana Kolmani. A 2019 kamfanin mai na ƙasa ya sanar da samun mai a wurin, a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙa, a kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe. Aikin yana tafiyar hawainiya, wasu har sun fara fid da rai. Ni rata nake gani aka ba mu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa: an samu mai a Oloibiri, a yankin Neja Delta, a 1956, shekarar da aka keɓe Yankari, amma a 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsabtace ƙasar Ogoni, ita ma a yankin, daga malalar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Norwe ta samu nata a 1969, ta yi dokar asusun ajiya a 1990, kuɗin farko ya shiga a 1996, yau asusun yana cikin mafiya girma a duniya. Man iri ɗaya ne, dokokin da aka rubuta da wuri ne suka bambanta.

Tsarin mulki ya tanadi aƙalla kashi 13 ga jihar da ake haƙar mai a cikinta, dokar man fetur ta 2021 kuma ta tanadi kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfani ga garuruwan da ke wurin. Waɗannan kuɗaɗen ne za su iya raba Bauchi da Gombe, 'yan uwan da suka zauna jiha ɗaya shekara 20, tuni ma an fara jin kowa na cewa rijiyoyin a ɓangarensa suke. Sasanta iyaka ya fi sauƙi tun ganga ba ta fara fita ba. Haka rubuta dokar kason da za a ajiye, tun babu wanda ya saba da kashe shi. Haka shata inda hanya za ta bi, da inda gari zai faɗaɗa, da burtali, da tazarar da za a bar wa Yankari wanda shi ma a Alkaleri yake, kafin dillalan fili su riga gwamnati. Masu walda da masu gyaran injin da kamfani zai nema yanzu suna ƙaramar sakandare a Pindiga da Kashere da Alkaleri. In ba a buɗe musu makarantun sana'a ba, daga wani wuri za a kawo ma'aikata, namu su tsaya gadi a bakin ƙofa.

Akwai kuma ƙaramin aiki guda da lokacinsa yake yanzu kaɗai: a auna ruwan rijiyoyi da rafuka da ƙasar gonaki a kowane ƙauye da ke kewayen, a rubuta sakamakon, a ajiye kwafi a hannun hakimi da ƙaramar hukuma da jami'o'inmu. Ranar da wata uwa za ta ce ruwan rijiyarsu ya sauya ɗanɗano, kamfani zai tambaye ta yadda yake a da, kuma wannan takardar ce kaɗai za ta amsa mata.